Fuskata Tana Raɗaɗi Kamar An Shafa Barkono, Masu Sayen Ƙosaina Sun Fara Janyewa

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 37, ina zaune a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim a Jihar Jigawa, ina da aure da 'ya'ya biyar, sana'ata kuma suyar ƙosai da safe da awara da yamma. Kusan shekara biyu ke nan fuskata take damuna. Da farko in na zauna gaban kasko sai in ji kumatuna da hancina sun ɗauki zafi suna raɗaɗi kamar an shafa mini barkono, in na tashi na sha iska sai abin ya lafa. Daga baya ƙuraje suka feso a kumatu da hanci da haɓa, wasu da farin ruwa a bakinsu, alhali ko da budurcina ban yi ƙurajen fuska ba. Mai kemis ɗin garinmu ya ba ni wani man shafawa, cikin kwana huɗu fuskar ta yi sumul har ta ƙara haske, amma duk ranar da na daina sai abin ya dawo fiye da da. Yau wata takwas ke nan ina shafawa, kuma idanuna sun fara yi mini kamar an zuba yashi. Surukata ta ce sanyi ne, maƙwabciyata ta ce hannu aka sa mini, wasu kuma suna tsegumin wai bilicin nake yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaran da ake aikowa sayen ƙosai sun ragu, na ji an ce wai ana ɗauka. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wata baiwar Allah, Ringim.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Allah ya ba ki lafiya, ya kuma sa wa sana'arki albarka. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kin taimake ni ƙwarai da kika jero abubuwan yadda suka faru ɗaya bayan ɗaya, domin a ciwon fata sau da yawa tarihin yadda abu ya faro ya fi abin da ido yake gani a yau bayani. Likitan da ya dubi fuskarki a cikin haske shi ne zai yanke hukunci, amma abin da kika bayyana, wato zafin da ke tashi a tsakiyar fuska idan an kusanci wuta, da ƙurajen da suka zo wa mace bayan ta haura talatin, da idon da ke yi kamar akwai yashi a ciki, ya yi kama matuƙa da wata larura da likitoci suke kira rozeshiya. A kan wannan larurar kuma man da kike shafawa ya ɗora tasa matsalar, wadda a ganina ita ce ta fi gaggawa a yanzu.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin launin furen wardi, saboda a jikin farar fata alamarta ta farko ita ce kumatu da hanci su yi ja. Wannan ne ya sa aka daɗe ana ɗaukarta ciwon Turawa, kuma har yau ma'aikacin lafiya da yawa ba ya kawo ta a ransa idan baƙar mace ta zauna a gabansa. Mu ma muna yinta, sai dai duhun fatarmu yana ɓoye jan. A wurinmu abin da ke fitowa shi ne wurin ya yi ɗumi idan an taɓa, ya ɗan kumbura, launinsa ya yi duhu-duhu ko ya yi kamar ruwan makuba, mai shi kuma yana jin raɗaɗi ko zuga ko tsikari idan ruwa ko sabulu ko mai ya taɓa wurin. Saboda haka mace irinki ta kan ji ciwon a jikinta watanni kafin kowa ya gan shi da ido, kuma wannan lokacin da ake jin zafi ba a ga komai ba shi ne lokacin da ya fi dacewa a fara magani. Ta fi kama mutane tsakanin shekara 30 zuwa 50, ta fi yawa a mata, amma idan ta kama namiji aka yi sakaci da ita shekara da shekaru, takan sa fatar hanci ta yi kauri ta yi gudaji-gudaji har hancin ya sauya kama.

Abin da ke faruwa a cikin fatar shi ne ƙananan jijiyoyin jinin fuska suna saurin buɗewa fiye da kima idan zafi ya taɓa su, garkuwar jiki kuma tana tayar da kumburi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda suke zaune a ramukan gashin fuskar kusan kowane baligi ba tare da sun cutar da shi ba, amma a fuskar mai rozeshiya ana samun su da yawa fiye da na sauran mutane. Larurar takan bi jini a wasu gidajen. Ba ƙazanta ke kawo ta ba, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau: ba a ɗaukarta. Ba ta bin hannu, ba ta bin tawul, ba ta bin abinci, mijinki da 'ya'yanki da masu cin ƙosanki babu abin da zai same su ta dalilinki.

Akwai cututtukan da suke kama da ita, shi ya sa ganin likita ya zama dole. Ƙurajen balaga suna zuwa da ƙananan baƙaƙe da fararen ɗigo waɗanda suke toshe ramukan fata, kuma sukan fito har a baya da ƙirji, ita kuwa rozeshiya ba ta da waɗannan ɗigon, kuma ta fi tsayawa a tsakiyar fuska. Amosanin fuska yana saɓa, yana bin gira da gefen hanci da gindin gashi. Kuturta, wadda na san wasu za su raɗa sunanta a bayan idonki, tabonta yakan mutu ne har a taɓa shi mai shi bai ji ba, naki kuwa ji ne ya yi masa yawa. Wadda ta fi muhimmanci a tabbatar ba ita ba ce ita ce cutar da ake kira lufus, wadda take yi wa mata shimfiɗa a kumatu da karan hanci, take kuma taɓa ƙoda da gaɓoɓi. Idan tare da wannan fuskar kina fama da ciwon gaɓoɓi, ko zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya, ko zubewar gashi, ko gyambon baki, ko kumburin ƙafa, ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaye ki, domin zai sa a yi miki gwajin jini da na fitsari.

Yanzu bari mu zo kan man. Ki ɗauko kwalinsa, ko bututun da kika matse ya kusa ƙarewa, ki juya gefen da aka yi ƙananan rubutu, idan karatun ya yi miki wuya ki ba ɗaya daga cikin yaranki 'yan makaranta. Ina kyautata zaton za ki ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, sau da yawa tare da wasu sunaye biyu, domin irin mayukan nan da ake cewa suna aiki uku a lokaci guda haɗi ne na maganin ƙwayoyin cuta da na makero da kuma sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Shi sitiroyid aikinsa danne kumburi da matse jijiyoyin jini, shi ya sa cikin kwana huɗu kika ga fuska ta kwanta ta yi haske, har kika yi wa mai kemis addu'a. Amma danne ciwo yake yi, kamar wanda ya rufe garwashi da toka, kuma idan fata ta saba da shi, ranar da aka janye sai jijiyoyin su buɗe gaba ɗaya, ƙuraje su feso fiye da na farko, mai shi ta koma da gudu ta sayo wani. A haka wata takwas ya wuce miki. Shi kansa wannan man, ko a fuskar da ba ta da komai, idan aka daɗe ana shafa shi yana haifar da ƙuraje masu kama da rozeshiya sak, yana sa fata ta yi siriri har a riƙa ganin jijiyoyi kamar zare, yana fito da gashi a fuskar mace, kuma idan yana kaiwa kusa da ido yana iya jawo hawan jinin ido ko yana. Hasken da ya sa ake yi miki tsegumin bilicin ma aikinsa ne, domin shi ne sinadarin da masu haɗa man bilicin suke zubawa a ɓoye.

Ba na ganin mai kemis ɗin nan ya nufe ki da sharri, ya ba ki abin da ya ga yana sa mutane su dawo suna godiya ne. Sai dai maganin da likitan fata yake auna kwanakinsa da yatsa, ya kuma guji sa shi a fuska, bai kamata ya zama abin da ake miƙa wa kowa kamar man kitso ba, kuma na gaji da ganin matan karkara suna biyan kuɗin wannan sakacin da fuskokinsu.

Dole ne ki rabu da man nan, amma bayan wata takwas ina so ki rabu da shi da sanin likita, cikin wannan makon idan da hali. Shi zai duba ya ga ko a yanke shi lokaci guda, ko a sauko da ke zuwa wani mai rauni na ɗan lokaci, ya kuma haɗa miki da maganin da zai tare ƙurajen. Ina kuma gaya miki tun yanzu domin kada abin ya zo miki ba shiri: fuskar za ta yi bore. Za ta yi zafi, ta bushe, ta saɓa, ƙuraje su ƙaru, kuma hakan yana iya ɗaukar makonni kafin ya fara sauka. Wata safiya za ki dubi madubi zuciyarki ta ce miki gara jiya da yau, ga bututun kuma yana nan a kan kwabarki. A wannan gaɓar ce yawancin mata suke komawa ruwa, saboda haka ranar da likita ya ce ki daina, ki fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya.

Ki fara da babban asibitin Ringim, idan ba a samu wanda ya ƙware a fata ba ki roƙi takardar da za a tura ki gaba, ko zuwa asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko sashen fata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Magungunan da ake amfani da su sanannu ne. Akwai na shafawa irin su metronidazole, da azelaic acid, da ivermectin, idan ƙurajen sun yi yawa ko ido ya shiga ciki kuma akan ƙara da ƙwayar doxycycline na wasu makonni. Shi metronidazole shi ne sinadarin da ke cikin Flagyl da kowa ya sani, amma na fuska an yi shi ne musamman a matsayin mai, don haka kada wani ya ce ki daka ƙwayar ki kwaɓa da basilin. Shi kuma azelaic acid yana da wani amfani ga masu irin fatarmu, domin bayan kwantar da ƙuraje yana rage baƙin tabon da suke bari, wanda shi ne yake tura mata da yawa ga man bilicin. Idan an ba ki doxycycline ki sha da cikakken kofin ruwa kina zaune, kada ki kwanta nan take, ki raba shi da nono da maganin ƙarin jini da na gyambon ciki da kamar awa biyu, ki kuma kiyayi rana domin yana sa fata saurin ƙonewa. Mai ciki ba ta shan sa. Idan kina da ciki, ko kina tsammaninsa, ko kina shayarwa, ki faɗa a fili ba tare da kunya ba, akwai abin da za a ba ki a madadinsa.

Waɗannan magungunan ba su da saurin wancan man. Sai an yi wata biyu zuwa uku ana amfani da su kafin a ga cikakken aikinsu, kuma gaskiyar da ya kamata ki sani ita ce rozeshiya larura ce da ake lallaɓawa, tana kwanciya ta yi watanni ko shekaru shiru, tana kuma iya motsawa idan an tsokane ta. Wadda ta fara magani da wuri takan zauna da fuskarta lafiya ƙalau babu wanda zai san tana da wani abu. Jinkiri shi ne yake barin jijiyoyin da suka buɗe dindindin da kaurin fata, waɗanda gyaransu sai da na'urori masu tsada da ba kowane asibiti ke da su ba.

Batun idonki kada ki ɗauke shi ƙaramin abu. Kusan rabin masu wannan larurar tana taɓa musu ido: bushewa, jin yashi, jan gefen fatar ido, da yawan fitowar hazbiya. Ki jiƙa tsumma mai tsabta a ruwa mai ɗumi kaɗan, ki ɗora a kan idon a rufe na 'yan mintuna safe da dare, sannan ki goge gindin gashin idon a hankali. Ki ajiye kwalli har sai idon ya huce, kada kuma ki sayi maganin ɗigawa a kemis da kanki, domin da yawansu suna ɗauke da irin sitiroyid ɗin da muke gudu. Idan kuwa idon ya fara ciwo sosai, ko kika kasa kallon haske, ko gani ya fara dishi-dishi, wannan ba ya jiran ranar kasuwa, ki nemi likitan ido a ranar.

Na san abin da ke ranki shi ne kasko, domin duk wanda ya ce wa mai suya ta guji zafi kamar ya ce mata ta rufe sana'a ne, ni kuwa ba zan ce miki haka ba. Abin da za a yi shi ne rage yawan zafin da ke dukan fuskar. Mai suya takan zauna a kan 'yar kujera ta tsuguno, kanta a sunkuye daidai saman mai, tururi da hucin itace suna tashi kai tsaye zuwa kumatunta tun daga asuba har hantsi. Ki ɗaga murhun ko ki sauya zama yadda iska za ta riƙa kwashe hucin tana yin gaba da shi, ki nemi matsami mai dogon hannu, ki fito da suyar fili mai inuwa maimakon cikin ɗakin girki, ki kuma ajiye kwanon ruwan randa da tsumma a gefenki kina dafa wa fuska da wuya lokaci zuwa lokaci. Idan kina da 'ya budurwa ko ƙanwa da za ta karɓe ki a bakin wuta, ke ki koma wajen ƙullu da zuba wa masu saye, musamman a makonnin farko na magani da kuma lokacin bazara, sa'ad da zafin ƙasarmu yake haura digiri 40.

Rana ita ce babbar mai tayar da wannan ciwo, don haka idan za ki gona ko unguwa ki ɗora malafa a kan hijabi ko ki riƙe laima, idan kuma da hali ki sayi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka. Iskar hunturu ma tana tayar da shi ta hanyar busar da fata. Daga ɓangaren ci da sha, abin da aka fi kamawa da laifi shi ne abu mai tururi da abu mai yaji: shayi ko koko da aka sha da zafinsa, barkono, attaruhu, yajin citta da masoro. Ba kowa ne duka suke tayar wa ba, saboda haka kada ki haramta wa kanki komai a rana ɗaya. Ki lura da kanki na mako biyu ko uku, duk abin da kika ga fuska ta ɗau zafi bayansa shi za ki rage, koko kuma ki bar shi ya sha iska kafin ki kai baki. Ɓacin rai ma yana cikin masu tayar da shi, kuma na san tsegumin gari bai bar ki kin huta ba.

Wajen wanka da alwala ki yi amfani da ruwan da ba shi da zafi, ki wanke fuska da tafin hannu kawai, ki dafa ta da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba. Soso, da sabulun salo, da sabulai masu ƙamshi ko masu cewa suna kashe ƙwayoyin cuta, duk ki nisanta su da fuskarki a yanzu, haka nan dilka da kurkur da lemon tsami da man goge baki da ake ɗorawa a kan ƙurji. Mai marar ƙamshi, ɗan kaɗan, ya wadatar. Kada ki matse ƙurajen, domin kowanne kika matse zai bar miki baƙin tabon da zai fi shi daɗewa. Tun da an ambaci sanyi da sammu, na san ba za a rasa mai kawo shawarar sirace ko hayaƙi ba, a lulluɓe ki da zane a kan tukunyar saiwoyi tana tafasa. Ga mai rozeshiya babu abin da ya fi wannan muni. Addu'a da tofi ki riƙe su hannu bibbiyu, amma duk abin da za a turara ko a shafa a fuskar, ki ba da haƙuri cikin ladabi.

Surukarki damuwa da ke ce ta sa ta faɗi abin da ta sani, saboda haka kada ki yi musu da ita. Ki sami maigidanki a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa kwalin man, ki lissafa masa abin da kika kashe a kansa cikin wata takwas, ki gaya masa idonki ya fara taɓuwa, domin namiji yakan fi saurin fahimtar maganar asibiti idan ya ji ido na cikin haɗari. Idan ya amince, shi ya fi dacewa ya yi wa mahaifiyarsa bayani. Masu sayen ƙosai kuwa, ki zaɓi mace ɗaya ko biyu da ake jin maganarsu a unguwa, kamar malamar Islamiyya ko ungozoma, ki gaya musu abin da likita ya ce bayan kin dawo, ki nuna musu katin asibitin. Maganar da ta fito daga bakinsu za ta zaga gari fiye da rantsuwarki.

Ranar da za ki tafi, ki je da fuskarki haka nan ba hoda ba mai, ki zuba duk abin da kika taɓa shafawa a leda ki tafi da shi, har da bututun da ya ƙare da sabulun da kike wanka da shi. Kafin ranar kuma, idan fuskar ta tashi bayan kin gama suya, ki sa a ɗauke ki hoto da waya a bakin ƙofa inda hasken rana yake, ɗaya ta gaba, ɗaya ta kowane gefe, domin wannan ciwo yana da halin kwanciya daidai lokacin da aka zauna a gaban likita. Bayan wata guda da fara maganin ki sake rubuto mini ki gaya mini sunan abin da aka ba ki da yadda idon yake.